Tukwicin Mai Fito da Mai Nutso

Duk wanda ya zauna a Doka ya san kogin Kaduna, ko da bai taɓa tsoma ƙafarsa a ciki ba. Kogin nan ya taso ne daga duwatsun ƙasar Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550, ya ratsa garin Kaduna ya raba shi biyu, kana ya gangara ƙasar Nufe ya faɗa cikin Kogin Kwara kusa da Muregi. Da rani sai ya janye, duwatsunsa su fito fili, har yara su riƙa tsalle a kansu. Amma in damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta da Satumba, sai ya komo ja wur, yana tafe da itatuwa da karare, wanda ya gan shi da rani ba zai shaida shi ba. Mutanen da suka ga ambaliyar watan Satumba na 2003, sa'ad da ruwa ya shiga gidajen bakin kogi, ba su bukatar a ba su labarin ƙarfinsa.

Tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, kafin ma Turawa su ɗauke hedkwatarsu daga Zungeru su kawo ta Kaduna cikin 1917, aka fara ɗora wa kogin gada, daga baya aka ƙara waɗansu. Duk da haka ba a rabu da jirgin fito ba, domin manomin da gonarsa ke tsallake ba zai yi kewaye mai nisa zuwa gada ba alhali ga kwalekwale a gabansa. Ban da masu fito akwai masunta, akwai kuma masu ɗibar yashi, waɗanda kan nutsa da bokiti su cika jirgi. A cikin waɗannan ne a ke samun gwanayen nutso, waɗanda a kan ruga a kira ranar da ruwa ya ci wani.

To, ga tambaya. Mutum ya shiga jirgi, an fitar da shi lafiya, ya biya kuɗin fito. Shin akwai sauran wani abu a kansa? In kuwa ya ƙara wani abu bisa kan kuɗin, alheri ya yi ko ɓarna? Ana iya ganin wannan ƙaramar magana ce, ta 'yan canji. Amma rayuka suna rataye a jikinta, kamar yadda za a gani.

Ya kamata a fara rarrabe sunaye, don kuɗi iri ɗaya ne a ido, amma ba hukuncinsu ɗaya ba. Kuɗin fito hakki ne, ciniki ne aka ƙulla, wannan ya ba da ƙarfinsa da jirginsa, wancan ya ba da kuɗinsa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kansa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, littafin da almajirai ke karantawa a zauruka har yau, an nuna cewa mai jirgi ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da abin da ya ɗauko, an kuma nuna cewa ba a ɗora masa lamunin abin da ruwa ya halaka. Wannan hukunci yana da zurfi. Watau abin da fasinja ya saya shi ne isa gaɓa, ba zama cikin jirgi ba. Saboda haka fitar da mutum lafiya yana cikin abin da aka riga aka biya, ba wani ƙari ba ne da za a saya daban.

Tukwici kuwa asalinsa wani abu ne dabam. In aka aiko yaro da ƙwaryar tuwo ko tsarabar tafiya, wanda aka kawo wa ya kan ɗauki ɗan abu ya ba yaron. Ba kuɗin tuwon ya biya ba, ba kuma kuɗin sawun yaron ba, gama ba shi ya aike shi ba. Nuna farin ciki ya yi, shi ya sa Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Abin lura a nan shi ne tukwici yana zuwa ne bayan abu ya riga ya iso hannu, kuma ɗan aike ba ya riƙe ƙwarya ya ce sai an ba shi kana ya ajiye. Ranar da ya yi haka ya fita daga ɗan aike ya zama ɗan fashi, ko da ƙwaryar ƙarama ce.

Al'adar nan ba ta Hausa kaɗai ba ce. Cikin 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙera wata na'ura wadda mutum zai goya tulun iska a bayansa ya riƙa shaƙa yana ƙarƙashin ruwa. Daga nan nutso ya zama abin shaƙatawa ga masu hali. Yau a bakin Bahar Maliya, a garuruwan Masar irin su Hurgada da Sharm el-Shaikh, akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su ɗauki baƙi a jirgi su kai su tsakiyar teku, su koya musu nutso, su nuna musu kifaye da murjani. Baƙon ya riga ya biya kamfani kuɗin tafiya, amma al'ada ta sa in an komo gaɓa ya kan ba malamin nutso da ma'aikatan jirgi wani abu. A Amurka shawarar da a kan ba baƙo ita ce ya ba da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da ya biya. A jirage da yawa a kan ajiye akwati ko ambulan guda, kowa ya sa abin da ya yi niyya, a raba wa dukan ma'aikata. A Japan kuwa ba a saba da tukwici ba, ma'aikaci ya kan ga aikinsa ne ya yi, an kuwa biya shi.

Akwatin nan na tarayya abin koyi ne, za a komo kansa. Amma akwai aibi a tsarin Amurka wanda bai kamata a ɗauko ba. Dokar tarayya ta ƙasar ta yarda mai gida ya biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 a awa, adadin da bai canja ba tun 1991, alhali mafi ƙanƙancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009, ko da ya ke jihohi da dama sun ɗaga nasu. Ashe ke nan tukwici ya tashi daga alheri ya zama albashi, mai gida ya sauke nauyinsa ya ɗora wa baƙo. Ma'aikacin da cikinsa ya dogara ga fara'ar baƙo kuwa, da wuya ya iya ce wa baƙo a'a. Ga shi sana'ar ruwa rabinta cewa a'a ne. Wanda ya fara koyon nutso da tulun iska ba a yarda ya wuce zurfin mita 18 ba, kuma ba a yarda ya taso sama da gaggawa ba, don iskar da ta narke cikin jininsa ta kan yi kumfa ta nakasa shi ko ta kashe shi. In baƙo ya nace sai an kai shi ƙasa da haka, malamin da ke tunanin ambulan ɗin yamma yana cikin jarrabawa.

Wannan jarrabawa ita ce dai ke samun mai fito a bakin kogin Kaduna, ko da ya ke bai taɓa ganin teku ba. A ɗauka magariba ta gabato, hadari ya haɗu a gabas, jirgi ya cika har ruwa ya kusa leɓensa. Sai ga wani mai hali ya iso da buhunan masara biyu da babur, yana sauri. Ya ja mai jirgi gefe, ya danƙa masa abu a hannu, ya ce, "Malam, ga na goro, a taimaka a sa ni." Shi a ransa kyauta ya yi, har ma yana ganin kansa mai sakin hannu. Amma me ya saya da kuɗin nan? Ba wurin zama ya saya ba, gama babu wuri. Hankalin mai jirgi ya saya, watau abin nan guda da sauran mutanen cikin jirgin suka dogara a kansa. Tsohuwar da ke zaune a tsakiya da jikanta ba a shawarce ta ba, alhali da ranta aka yi cinikin.

Kowa ya ji labarin abin da lodi fiye da kima ya jawo a ƙasar nan. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta ƙasar Kabi, ƙalilan ne suka tsira. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar nan kuma jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a ƙasar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka kusa da Patigi suna komowa daga biki. Ba a ce tukwici ne ya kifar da jiragen nan ba, akwai talauci, da tsufan jirage, da rashin rigunan ruwa, da tafiyar dare. Amma duk jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa, akwai lokacin da wani ya ce a ƙara mutum ɗaya, wani kuma ya yarda. Duk abin da zai sauƙaƙa wannan yarda, ko roƙo ne, ko kunya, ko na goro, yana da rabonsa a cikin alhakin.

Saboda haka kuɗi ɗaya ne, amma lokacin bayarwa ya raba su. Wanda aka bayar a wancan gaɓa bayan an sauka godiya ce. Wanda aka bayar a wannan gaɓa domin a karya ƙa'ida toshi ne, ko da an sa masa suna mai daɗi. Wani zai ce, ai ko tukwicin bayan sauka ma yana iya ɓata mai jirgi, don in ya gane Alhaji wane mai bayarwa ne, gobe zai fifita shi. Wannan gaskiya ce, ba kuwa a iya kawar da ita gaba ɗaya. Abin da ya rage wa mai bayarwa shi ne ya lura da abin da ya ke yabawa. In ya ba mai jirgi ne ranar da ya hana shi shiga, ya ce ya jira sawu na biyu, to ya koya masa cewa tsayawa kan ƙa'ida ba ta sa shi asara. Irin wannan tukwici kuwa ba kasafai a ke ganinsa ba, don mutum ya fi son ya yaba wa wanda ya bi son ransa.

Sai maganar wanda za a ba. Ido ya kan tsaya kan mai riƙe da gwangwala, shi a ke gani, shi ke magana. Amma akwai yaron da ke durƙushe yana kwarfe ruwa da ƙoƙo tun safe, akwai wanda ke shiga ruwa har ƙugu ya riƙe jirgi mata su sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen ruwa tun da can suna da shugabanci, Kabawa da Sarkawa suna da Sarkin Ruwa, Nufawan da ke tuƙa jirage a Kogin Kwara suna da Kuta a Muregi. Inda a ke da irin wannan tsari, ba wuya a yi asusu guda a raba. Inda babu, mai bayarwa sai ya faɗa a gaban yaron cewa wannan nasu ne su duka, ko kuwa ya ba yaron nasa a hannunsa. Sai dai kada a jefa. An yi zamanin da fasinjojin manyan jiragen ruwa in sun tsaya a Adan su kan jefa kuɗi cikin teku, yara su nutsa su ɗauko, su kuwa suna dariya a sama. Wannan ba kyauta ba ce, sayen kallo ne da numfashin ɗan wani.

Duk wannan mai sauƙi ne in an gwada shi da maganar mai nutso. Aikinsa iri uku ne, kowane da hukuncinsa. In kaya ne suka faɗa, kamar babur ko injin ban ruwa, ba laifi a yi ciniki a fili, mai kaya ya ce duk wanda ya fito da shi yana da kaza. Malamai suna kiran wannan ju'ala, suna kafa hujja da labarin Annabi Yusufu, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. In an fito da kayan a biya, in ba a samu ba babu biya, sai abin da mai kaya ya ga dama don wahalar da aka sha.

In kuwa mutum ne ruwa ke ja da ransa, babu ciniki ko kaɗan. Ceto wajibi ne a kan wanda ya iya, har malamai sun ce mai salla ya yanke sallarsa domin ya ceci wanda ke nutsewa, kuma a mazhabar Maliki wanda ke da ikon ceto ya ƙi yana iya ɗaukar lamunin abin da ya halaka. A gaskiya ma, mutanen ruwa ba su cika tsayawa tambaya a irin wannan lokaci ba, sai dai a ga sun faɗa.

Na ukun shi ne mai wuya, watau neman gawa. Yaro ya tafi wanka bai komo ba, an ga rigarsa a kan dutse. Uban yana tsaye bakin ruwa, ba abin da ya ke so a duniya sai a ba shi ɗansa ya yi masa sutura. A wannan hali ko gidansa aka ce ya bayar zai bayar. Mai nutson da ya dubi mutumin nan ya yanka masa kuɗi, ya ce ba ya shiga sai an ajiye, ya yi ciniki da wanda ba shi da ikon tayawa, wannan kuwa zalunci ne ko da an kira shi sana'a. Amma a juya a dubi mai nutson. Ruwan damina ba a ganin kome a cikinsa, da hannu a ke lalube, tsakanin duwatsu da saiwoyi da tsofaffin ƙarafa. Numfashi ɗaya ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, sai ya taso ya sake komawa, wani lokaci yini guda, wani lokaci har kwana biyu. A ranakun nan bai ɗebi yashi ba, bai kama kifi ba, iyalinsa kuwa ba su daina cin abinci ba. Ruwa kuma ba ya jin kunyar gwani. In an fito da gawa, jama'a su ce Allah ya saka da alheri, su ɗauki makara su tafi, su bar shi yana karkarwar sanyi a bakin gaɓa. An yi masa adalci ke nan?

Waɗansu kan ce, ai aikin lada ne, in aka ba shi kuɗi ladansa ya ɓaci. Maganar tana da daɗin ji, amma a lura, yawanci mai faɗinta shi ne wanda ya kamata ya bayar. Annabi Musa ya shayar da dabbobin 'yan mata biyu a rijiyar Madyana ba da neman kome ba, sa'an nan ubansu ya aika a kira shi domin ya saka masa, ya kuwa tafi. Abin da ke ɓata lada shi ne niyyar da aka shiga aiki da ita, wannan kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Jama'a ba su da hurumin su hana mutum hakkinsa da sunan suna tsare masa lahirarsa.

Kuskuren da a ke yi shi ne a bar maganar tsakanin mutum biyu, mai nutso da mai makoki, ɗaya yana jin nauyin tambaya, ɗaya ba ya cikin hankalinsa. Fitar da mamaci a yi masa wanka da salla nauyi ne a kan al'umma duka, in wani ya ɗauke ya ɗauke wa kowa. Tun da haka ne, sakamakonsa ma a kan al'umma ya ke. Mai unguwa da limami da maƙwabta su ne ya kamata su haɗa abin da za a ba masu nutso, a kai musu har gida bayan an yi jana'iza, ba tare da an jira sun tambaya ba. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Unguwannin bakin kogi, irin su Kabala da Unguwar Rimi da Malali, sun san damina za ta zo kowace shekara. Da za a ajiye ɗan asusu tun da rani, a sayi igiya da rigunan ruwa, a san sunayen gwanayen nutso da gidajensu, da ba a kai ga ranar da za a yi ciniki a kan gawa ba.

Ma'aikacin hukuma mai albashi, kamar ɗan kwana-kwana ko jami'in hukumar kula da hanyoyin ruwa, shi hukuncinsa dabam ne. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka, da ya komo sai ya ware waɗansu kaya ya ce su kyauta aka yi masa. Annabi ya tsawata, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa. Jami'in da aikinsa shi ne ya ƙirga fasinja ya hana lodi, in ya karɓi na goro daga mai jirgi, to ya sayar da ƙirgar. Ɗan kwana-kwanan da ya shiga ruwa ya fito da mutum, a ba shi abinci da ruwan zafi, a rubuta wa shugabansa takardar yabo, wannan ya fi masa amfani ranar ƙarin girma, ba ya kuma sa shi duban aljihun wanda zai ceta gobe.

Saura talakan da ba shi da abin bayarwa. Shi babu kome a kansa bayan kuɗin fito, kuma bai kamata mai jirgi ya ɓata masa fuska ba, ko ya sauke shi cikin taɓo ya kai mai hali kan tudu. Masu jirgin nan da aka ambata a Suratul Kahfi matalauta ne masu aiki a teku, an kuwa ruwaito cewa sun ɗauki Annabi Musa da Haliru ba su karɓi ko kuɗin fito ba. Har yau a kan sami mai fito wanda in ya ga almajiri ko tsohuwa ko masu ɗauke da mara lafiya sai ya ce su shiga kawai. Mai halin da ya ƙara wani abu a wancan gaɓa, in ya lura, wani sashi na kuɗinsa fiton waɗannan ya biya. Shi kuma wanda aka ɗauka kyauta yana da abin da zai iya yi, ya zauna inda aka ce ya zauna, ya karɓi ƙoƙo ya taya yaro kwarfe ruwa, in kuma ya ga ana shirin ƙara lodi ya buɗe baki ya goyi bayan mai jirgi sa'ad da ya ce jirgi ya cika.